Arvo Kangas, Mutumin Da Ya Binne Hunturu

Tun gari bai gama wayewa ba ake jin ƙugin injinsa a dajin da ke bayan kwaleji. Arvo Kangas ke nan, yana daddaɓe dusar ƙanƙara, yana zana mata layi biyu masu santsi inda 'yan ƙungiyar tseren zamiya za su ɗora allunansu. Kafin su fito suna hamma ya gama, ya zauna bisa kututture da kofin gahawarsa. Shekara talatin da ɗoriya yana haka. Hotunan gwanaye sun cika bangon zauren wasanni, nasa babu. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki.

Hunturu biyu a jere ruwan sama ya wanke hanyar, aka soke tseren gida, wanda kwalejojin arewa ke zuwa a farkon Disamba. Shugaban kwaleji, Mista Holloway, ya faɗa ba kwana-kwana: in aka sake sokewa, za a rushe ƙungiyar, a sare dajin a yi wurin ajiye motoci. Mai horar da su, Marit Solberg, ta fito idonta jajur.

Da Maris ya kama, sai Arvo ya ari katafila ya tattara dusar da ta rage, ya jibge ta a inuwar tudu, tsibi ya kai tsayin coci. Ya yi ta jigilar garin katako daga wurin ƙaninsa mai tsaga itace har ya lulluɓe ta ruf, don kada zafi ya narkar da ita. Haka ya ji dangin uwarsa na yi a Finland.

Gus Maki, mai shagon fanke, abokinsa tun na ƙuruciya, ya tare shi. "Kai Arvo, wa ka binne a can? Surukarka?"

"Hunturu na binne. Zai tashi kafin kai ka tashi daga kujerar nan."

Baba Arvo, kai ne wanda aka gani da manjagara tsakar bazara, rana na dukan ƙeyarka, kana toshe duk inda tsibin ya tsage. Ruwa na tsiyaya ta ƙasa, Marit ta tsaya tana kallo, ta ce, "Baba Arvo, narkewa fa take yi." Ka ce, "Na gani, 'yata. Ni ma narkewa nake, amma ga ni nan."

Disamba ta zo, ciyawa kore shar, ba dusar ƙanƙara, sai yayyafi. Mista Holloway ya tako da kansa. "Baba, a haƙura mana. Ba a ja da sama."

"Ba da sama nake ja ba, yallaɓai. Da kai nake ja."

Aka yaye garin katako. Kusan rabi ya tafi, sauran dusar kuwa ta daskare kamar dutse. Ba za ta isa doguwar hanya ba, Arvo ma bai ɓoye ba. Ya ce a kewaye tafki kawai. 'Yan ƙungiya suka ajiye sandunan zamiya suka ɗauki shebur da baro, maza da mata, har hannun kyaftin ɗinsu Dana Riutta ya yi bororo ya fashe. Suka shimfiɗa farar hanya siririya a tsakiyar taɓo.

Ran tsere baƙi suka sauko daga motoci suna dariya. Wani dogo ya ce, "Wannan hanya ce ko igiyar shanya?"

Dana ta ce, "Hau dai, ɗan'uwa, ka koma gida da labari."

Sun kuwa koma da shi. Garin katako ya riƙa kama alluna, kowa na nishi, ana ta zagaye tafki har jiri na ɗibar mutane. Dana ta zo ta huɗu, ta zube a bakin layi, fuska duk gari, tana haki tana dariya. Kofin gasa bai kwana a gida ba. Amma an yi tseren gida, gari ya fito kwansa da kwarkwata, Gus ma ya bar kujerarsa. Mista Holloway, takalmansa sun nutse a laka, ya matso kusa da Arvo ya ce, "To, bana kun tsira."

Arvo ya ce, "Baɗi ma."

Tsohon ƙarfe, ba ka jin bari! Ba ka taɓa tsayawa a layin tsere ba, amma duk wanda ya tsere a dajin nan bisa guminka ya zame. Mun gode, Baba Arvo. Ka je ka huta, Allah ya ƙara wa gwiwoyinka ƙarfi.

Mu kuma da aka bari, alkawari ka ɗaukar mana a gaban shugaba, ba mu da ta cewa. Sama ba za ta sauya hali don mu ba. Duk mai shebur a gida, ya tanade shi. Maris na tafe.