Jan Awarwaro a Hannun Rakiya

Ku aje abin da kuke yi, yau Doguwar da na ƙirƙira da hannuna ta yi mini ƙwace!

Kun san labarin da nike turo muku a nan, na Doguwa, iskar tsamiya da ta kamu da son wata budurwa mai ɗinki. To, budurwar nan ƙawata Rakiya ce, wadda na shekara biyu ina so na kasa faɗa mata. Jiya na rubuta cewa Doguwa ta rataye mata jan awarwaro a reshen tsamiya.

Yau da hantsi na shiga shagon Rakiya. Me zan gani? Jan awarwaro a hannunta! Sai juya shi take tana murmushi.

Na ce, "Ke, wa ya ba ki wannan?"

Ta ce, "A tsamiyar bakin shago na iske shi, da sunana a 'yar takarda. Ko ma wane ne, ya iya so."

Ya iya so! Ni da nike ɗauko mata fura tun daga garin Matankari, ban taɓa samun murmushin nan ba. Na ce ta cire, wataƙila na iskoki ne. Ta dube ni cikin ido ta ce, "In ma iska ce, ta fi wasu ƙarfin hali."

Mu biyar ne kaɗai a gurup ɗin nan, kuma Rakiya ba ta ciki. In ɗayarku ce, ta fito mu yi ta. In kuwa Doguwa ce, wallahi yau zan sare tsamiyarta!