Zumar Kututture a Bayan Doguwa

Ana idar da sallar asuba muka bar Bebeji, ni da ƙanen matata, shi a ƙasa, ni a kan jakinsa. Shekarata biyu a ajin yaƙi da jahilci. Sai da na fara karanta wasiƙa da kaina, sannan hazo ya soma rufe mini ido. Aka ce akwai wani tsoho mai amya a bayan Doguwa, yana da zumar da mahaifinsa ya toshe cikin kututturen ƙirya tun yana saurayi, wai ɗigo ɗaya yana wanke ido.

Muka ratsa Kiru, muka kwana a Ƙafin Maiyaki. Furar kwabo ta ƙosar da mu biyu, sai dai nonon ya fi dangantaka da rijiya a kan saniya. Can muka bar jakin, muka hau babbar mota zuwa Tudun Wada, sule ɗaiɗai, ko da yake rabin hanyar mu muka tura ta. Daga nan ƙafa ce cikin daji, kwana biyu. Abokin tafiyata yana ta nuna mini duwatsu da birai, ni kuwa ina cewa na gani.

Mun tarar da tsohon a inuwar rumbu. Bayan gaisuwa na faɗi abin da ya kawo ni. Ya sa aka fito da kututturen, ya laluba ya ɓamɓare kakin bakinsa. A nan na gane hannunsa ne ke yi masa gani.

Ya ce, "Malam, rabin zumar nan a idona ta ƙare, ga ni kuma yadda ka same ni. Tsinke ɗaya nake ba baƙo. In ka so ido, in ka so baki."

Ya lakato zumar da tsinke ya miƙo mini, na daɗe riƙe da shi. Zumar baƙa ce kamar kwalli, ko ɗiga ba ta yi. Ƙanen matata ya ce, "Haba Yaya, sa a ido mana! Tafiyar kwana huɗu fa!"

Na sa a baki.

Da farko ɗaci ne irin na ɓawon itace. Sai tsami kamar tsamiyar bara, sai ƙamshin hayaƙi da dabino. Can daga baya zaƙi ya taso a hankali, ya zauna a maƙogwarona har la'asar. Ban taɓa ɗanɗana irinta ba. Tsohon ya ji ina tanɗar baki, ya yi dariya. Ƙanen matata kuwa bai huce fushi da ni ba sai a Tudun Wada.

A rana ta tara muka iso gida. Na koyi cewa ba kowane ciwo ne ake zuwa nemo wa magani ba, wani sai dai mutum ya yi sauri da ɗan abin da ya rage masa. Na roƙi malaminmu ya dawo da ni daf da allo. Kwana shida na yi ina rubuta wannan labari da manyan baƙaƙe, a tsakiyar rana. Yau na so in duba shi tun daga farko, sai da na miƙa wa wani ya karanta mini.