Matar da Ta Ƙwace Mini Ƙanwa

Kullum da hantsi ɗan acaɓa kan sauke Seño Eudocia Barrios a ƙofar gidanmu, nan bakin kogi a Magangué. Ba ta sallama da baki. Ɓawon lemun tsami take murzawa a wuyan hannunta, ta nufi kujerar da ƙanwata Nelsy take zaune, ta zura hannunta a ƙarƙashin nata. Da ƙamshin ya isa hancin Nelsy, fuskar da ta tashi a murtuke sai ta washe. Ni kuma ina gefe riƙe da kofi kamar 'yar aiki.

Zazzaɓi ne ya tafi da idon Nelsy da kunnenta tun tana ƙarama. Ni na goya ta, ni nake mata wanka, ni nake dafa mata rogo da cuku har yau da furfura ta fito mana. Amma kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Seño, wato Malama, malamar kurame ce, ta ji labarin Nelsy, yarinyar da ke cizon mutane, ta zo da ƙafarta. Ta sha cizo, ba ta fasa ba, har ta koya mata magana da yatsu a tafin hannu. Yanzu masunta rububin ragar da Nelsy ke saƙawa suke yi.

Ita da Seño sai su haɗa hannu su yi ta ƙyalƙyala dariya, ni ina ƙuna.

"Me ta ce?" nakan tambayi Seño.

"Sirrin mata ne, Domitila."

"To ni namiji ce?"

Ranar da Mama ta rasu, kawunmu Don Anselmo ya ce a ɓoye wa Nelsy. "Me za ta gane? A ce mata ta tafi birnin Cartagena."

"Don Anselmo, ido da kunne ne babu," in ji Seño. "Zuciyar tana nan."

Ta ratsa masu zaman makoki da Nelsy har gaban akwatin gawa a falo, ta ɗora yatsunta a fuskar Mama, ta faɗa mata gaskiya a tafin hannu. Duk unguwa ta shaida. A ƙirjin Seño ƙanwata ta yi kukan uwarmu, ba a nawa ba, kuma har gobe abin yana ci mini rai.

Seño, ke ce ƙofar ɗakin da ba taga. Kin shiga inda mu 'yan gida muka tsaya a bakin ƙofa, kuma na ji haushinki saboda haka.

Yanzu amosanin gaɓɓai ya lanƙwashe wa Seño yatsu, 'yarta za ta ɗauke ta zuwa birnin Barranquilla. In ta tafi, wa zai yi magana da Nelsy? Tun farkon damina ta sa ni gaba da koyon maganar tafin hannu.

"Daina fizgar ta, ba akuya ba ce. Sa hannunki a ƙasa, ki bari nata ya hau."

"Yatsuna sun ƙi, Seño."

"Kanki ne ya ƙi. Sake."

Makon jiya Seño ta naɗe hannuwanta, ta ce ta gama yi mana tafinta. Nelsy ta lalubo tafina, ta daɗe tana shafa shi, sannan ta rubuta a hankali yadda daƙiƙiya irina za ta gane: "Yaya, hannunki ya tsufa. Ina kika shiga duk shekarun nan?"

Ɗaki ɗaya muke kwana da ita.

Na gode, Seño Eudocia. Kishinki bai bar ni ba, amma Allah ya saka miki, ya sassauta wa yatsun nan. Ku kuma da kuke da irin Nelsy a gida, kada ku tsaya ga wanka da abinci. Ku yi koyi da matar nan, ku miƙa tafin hannu tun kafin a tambaye ku inda kuka shiga.