Tsumar Bunsuru

A Paikon Kore, bayan sallar isha'i, mukan kewaye murhun Kaka, doya na gasuwa a toka. Hannunta na rawa tun da na san ta, amma ba ta yarda a kira abin da sunan da ba nasa ba.

"Kaka, sanyi kike ji?"

"Kai angona, ba ka da kai. Na sanyi kyarma, na tsoro karkarwa. Wanda zuciya ta ciyo, shi ke tsuma. Nawa ɓari ne, na tsufa, ba ya jin bargo. Ku matso, ga ta nan ta iso."

"Ta iso mu ji ta!"

Wai bunsuru ne ya rufta rami, ya tarar kura ta riga shi faɗawa. Ba hanyar fita. Jikinsa ya hau rawa har gemu. Kura ta lashe baki ta ce, "Malam, karkarwar me kake yi?" Ya ce, "Wace karkarwa? Tsuma ce. An hana ni naman kura sai gari ya waye, shi ne nake danne zuciyata." Kura ta manne da bango, ta kwana tana ba shi haƙuri.

"Ya tsira ke nan, Kaka?"

"Ya tsira mana. Da safe mai shi ya ciro shi, ya kai shi kasuwa."

Muka yi ta dariya har doya ta ƙone.

Yau aski nake yi a wani shago a Wuse, sana'ar da ita kaɗai na iya, da ita nake ciyar da gida. Bara hannuna na dama ya fara rawa. Na san sunan abin sarai, amma ban taɓa faɗa ba. In kwastoma ya ce, "Oga, hannunka yana rawa fa," sai in ce fanka ce, kyarma ce. Wani in ce masa ban karya ba. Ina faɗa, reza na kan maƙogwaronsa. Allah Ya yafe mini, wayon bunsurun na ɗauka, na bar gaskiyar tsohuwar. Kowace ƙarya takan kai ni safiya, safiyar kuma ba ta fitar da ni ko'ina.

Jiya maƙwabcina a Karmo ya tare ni a ƙofar gida, bakinsa har kunne. An yi masa haihuwar fari.

"Baba, jibi suna. Kai za ka yi wa yaron aski, ba na yarda da hannun kowa."

Na tura hannun cikin aljihu, na matse shi da cinya. Kan jariri ko ƙashi bai gama haɗewa ba. Kalmar Kaka, ɓari, ta zo har bakina.

Na ce, "Allah Ya kai mu."