Yadda Na Cinye Karatun Rahama

Ni ɗan Gyaɗi-Gyaɗi ne, a nan aka haife ni, a nan na yi wayo. Ba zan faɗi sunana ba, domin mahaifiyata tana raye, kuma kunyar da ta sha ta ishe ta. Mahaifina tela ne, irin mutanen da ko ƙyalle ne ya rage sai sun naɗe sun mayar wa mai ɗinki. Don haka kada wanda ya karanta wannan ya ce rashin tarbiyya ne. An ba ni tarbiyya, ni na zubar da ita.

Na shiga jami'a na yi shekara biyu ina karatun kwamfuta. Da mahaifinmu ya rasu, kuɗin makaranta ya gagare mu. Na nemi tallafin karatu sau biyu ban dace ba, na tattara na dawo gida da baƙin ciki a raina. Wani mai shagon kwamfuta a unguwarmu ya tausaya mini ya ɗauke ni aiki. Ina buga takardu, ina yin fotokofi, ina cike wa ɗalibai fom a intanet. Duk lokacin da aka buɗe neman tallafin karatu ko rancen ɗalibai, shagon cika yake yi har waje. Yara da iyayensu, kowa riƙe da ambulan, kowa fuskarsa cike da fata.

Fom ɗin kyauta ne, ladan aiki kawai muke karɓa. Wata rana wata dattijuwa ta biya ladan, sannan ta ce, "Ɗan nan, shi kuma fom ɗin nawa ne?" Maimakon in ce kyauta ne, sai na ji bakina ya faɗi wani ɗan abu. Ta kwance bakin mayafinta ta ba ni, har da sa albarka. Na ci shinkafa da wake da kuɗin. Na jira wani abu ya same ni, babu abin da ya same ni. Washegari na sake.

Daga nan na fara cewa ina da mutum a ciki, wanda zai sa sunan yaro a gaba idan an ba shi na goro. Ban san kowa ba. Wanda Allah ya ba shi da ƙoƙarinsa sai ya dawo yana yi mini godiya, wanda bai samu ba in ce masa sai baɗi. Sunana ya zaga. Na bar maigidana na kama shago nawa a Tarauni. A nan ne na ƙirƙiro wata gidauniya da ba ta wanzu a ko'ina sai cikin kwamfutata. Na ce ta wani attajiri ce da ke zaune a ƙasar waje, tana kai yara karatun likita. Na tsara mata takarda mai kyau, na sa aka yanka mini hatimi. Na ce karatun kyauta ne, sai dai iyaye su biya kuɗin biza da na jirgi ta hannuna.

Malam Garba direban adaidaita sahu ne, daga ƙauye ya zo Kano neman abinci, yana haya a Tarauni da iyalinsa. Shi yake ɗauko ni daga gida da safe. Sau da yawa in na miƙa masa kuɗi sai ya ture hannuna, ya ce, "Haba Injiniya, ai kai ɗa ne." Haka yake kirana, Injiniya. Kullum hirarsa ɗaya ce, 'yarsa ta fari, Rahama, wadda tun firamare ba ta taɓa yin na biyu ba.

Ranar da ya kawo ta shagona, ta samu gurbin karatun likita a wata jami'a ta nan gida. Yarinya ce mai natsuwa, ba ta da yawan magana. Ta ɗora takardunta a tebur, ta miƙo mini wata 'yar takarda da ta rubuta adireshin intanet a kai. Ta ce, "Yaya, malamarmu ta ce akwai tallafi na 'yan mata masu karatun likita, saura mako biyu a rufe. Shi nake so a cike mini."

Na duba sakamakonta. Wallahi ban taɓa riƙe irinsa a shagon nan ba. Na san tallafin da take nufi, na gaske ne, kuma na san da wuya a tsallake ta. Aikin minti ashirin ne. Amma na san idan ta samu wannan, ba su da bukatar nawa.

Na ce, "Baba, mai irin wannan ƙwaƙwalwa ai ba a bar ta a nan ba. Akwai na ƙasar waje."

Rahama ta ce, "To Yaya, a cike duka biyun mana."

Na dubi idonta na ce gidauniyar ba ta ɗaukar wanda ya nemi wani tallafi, da zarar sun gani za su cire sunanta. Da gani ba ta gamsu ba. Mahaifinta ya ce, "Ke, Injiniya ya fi mu sanin abin nan. Abin da ya ce shi za a yi."

Bayan kwana goma ya zo a ƙasa. Na tambaye shi ina mashin ɗin, ya yi murmushi ya ce ya sayar. Shekaru ya yi yana biyan kuɗinsa kaɗan-kaɗan kafin ya zama nasa. Ya fito da kuɗin a baƙar leda daga cikin riga, ya ce, "Bayan wannan ba ni da komai. Sai Allah, sai kai." Na karɓa. Na buga musu takardar karɓa mai hatimi, da sunan Rahama da manyan baƙaƙe.

Ya yi sadaka a ƙofar gidansu, matarsa ta soya waina, maƙwabta suka taru ana ta barka. Aka zaunar da ni a kan tabarma ta musamman. Na ci wainar nan har na ƙoshi. Lokacin rajista a jami'ar gida ya zo ya wuce, Rahama ba ta je ba, tana jiran jirgi. Ni kuwa na sayi waya da babur da shaddodi, saura na toshe bakin waɗanda suka fara tayar mini da hankali.

Sau uku ina ɗaga ranar tafiya. A na ukun Rahama ta ɗauki takardar ta kai wa malamar tasu. Malamar ta bincika ta ga babu gidauniyar, babu attajirin. Da hantsi suka iso shagona da 'yan sanda. Kafin azahar mutanen da na cuta sun cika ofishin 'yan sanda, wasu ma na manta fuskokinsu. Ana zagina, ana tsine mini, duk na jure. Malam Garba ne ya matso, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Injiniya, da ka ce mini kana cikin matsi, da na ba ka abin da zan iya. Ita me ta yi maka?"

Alƙali ya ɗaure ni shekara uku. Ba zan ɓata muku lokaci da labarin gidan yari ba. Akwai cunkoso, akwai ƙazwa, akwai abincin da ba ka gane ko mene ne. Duk wannan jiki ne yake sha, kuma jiki yana sabawa. Abin da ban saba da shi ba shi ne labarin da mahaifiyata ta kawo mini a shekara ta biyu. Ta ce Malam Garba ya koma tuƙa mashin ɗin wani, tun asuba har dare, ga hawan jini. Wata rana ya faɗi a bakin titi, ɓarin jikinsa ya shanye. Ya yi wata huɗu a kwance, Allah ya karɓi abinsa. Ta ce, "Na je gaisuwa, na kasa shiga. A zaure na tsaya na juyo." Ta fashe da kuka. Tun ina yaro ban taɓa ganin hawayenta a kaina ba sai ranar.

Da aka sake ni, na yi mako biyu ban fita ba. Daga baya na tattara ƙarfin hali na nufi Tarauni. Aka nuna mini wani kantin magani, aka ce a nan Rahama take aiki, ita ke ciyar da mahaifiyarta da ƙannenta. Na same ta tana jera kwalabe. Ta gane ni nan take. Na durƙusa a gaban kanta, a gaban masu sayayya, na ce ta yafe mini don Allah.

Ta ce, "Tashi, mutane suna kallo." Na tashi. Ta ce, "Ka san wannan tallafin da na ce ka cike mini? Ƙawayena biyu sun samu. Ni nake koya musu karatu a aji. Yanzu suna asibiti suna koyon aiki." Ta gyara hijabinta. "Baba ya yafe maka. Da ƙyar yake magana, amma ya faɗa, ya ce a gaya maka. To na gaya maka. Ni kuwa ban iya ba tukuna. Ka tafi."

Na tafi. Yanzu ina gyaran waya a wata rumfa, abin da na samu na halak nake ci. Na tuba ga Allah, ina kuma bin waɗanda na cuta ɗaya bayan ɗaya da ɗan abin da ya sawwaƙa. Wasu sun karɓa, wasu sun kore ni, kuma suna da gaskiya.

Ƙannena ɗalibai, tallafin karatu na gaske ba a sayensa, rancen karatu ma haka. Duk wanda ya ce yana da mutum a ciki, ku bar wurinsa. Ku cike fom da hannunku, ko ku tsaya a kan mai cikewa har ku ga ya tura. Idan zuciyarku ta ƙi abu, ku faɗa, ko da babba ne ya ce ku yi shiru, ku je ku tambayi malamanku.

Kai kuma da ke zaune inda na zauna, mutane suna miƙo maka takardun 'ya'yansu da amana, da kai nake. Kana ganin kuɗi kawai za ka ɗauka, kuɗi kuma ana sake samu. Ni ma haka na ɗauka. Na yi shekara uku na fito, na biya abin da hukuma ta ce in biya. Malam Garba yana kabari. Rahama tana bayan kanta tana miƙa wa mutane maganin da likita ya rubuta, alhali ita ya kamata ta rubuta. Wannan babu alƙalin da zai yanka mini wa'adinsa. Kada ka taɓa, ɗan'uwana. Don girman Allah kada ka taɓa.