Ramin da Zoben Gwaggo Ya Haƙa

A gefen teburin Gwaggo akwai wani ɗan rami da ba wanda ya kula da shi sai ni, mai zaman lungu ina taya ta duba aikin ɗalibai. Zobenta ne ya haƙa shi. Turanci take koyar da masu shirin jarrabawar baka, kuma kalma ba ta wuce ta sai ta datsa ta gaɓa-gaɓa, ta ƙwanƙwasa tebur a gaɓar da murya ke dannawa.

Tana budurwa ta nemi aikin karanta labarai a rediyo. Da ta zo kan "comfortably" sai ta danna gaɓa ta biyu maimakon ta farko. Manajan ya tsayar da ita, ya tara ma'aikata, ya kwaikwayi muryarta har da rangwaɗa. Ta rasa aikin, ta riƙe abin a ranta.

Bana sai ga autar manajan nan a ajinta. Yarinyar ta sha faɗuwa a jarrabawar, kuma in ta sake faɗi jami'a ta kuɓuce mata.

"Gwaggo, yarinyar nan fa ba ruwanta," na ce, murya ƙasa-ƙasa.

"Wa ya ce zan taɓa ta? Ke dai zuba ido."

Kullum in an tashi sai ta tsare yarinyar, su bi kalmomi masu ƙarewa da "ly" ɗaya bayan ɗaya, har yatsun yarinyar suka koyi ƙwanƙwasa da kansu. Sannan ta ba ta aikin gida: duk wanda ya yi Turanci a gidansu ta bi shi da bugun tebur, in ya kauce ta gyara masa.

"Har Baba, Malama?"

"Musamman Baba."

Yarinyar ta ci jarrabawa. Tsohon manajan ya zo godiya da ƙafarsa, bai ma gane Gwaggo ba.

"Malama, kin fitar da mu kunya, amma kin hana ni sakat a gidana. Ko gaban baƙi buga mini tebur take. Jiya har surukina sai da ya dara."

"Gyara kayanka ai ba sauke mu raba ba ne, ranka ya daɗe." Ta nuna masa kujera. "Zauna mana, comfortably." Zoben ya sauka cikin raminsa a gaɓar farko, ƙwas.

Ya dubi zoben, ya daɗe yana duban fuskarta. Bai zauna ba.

Da ya fita, Gwaggo ta goge allo, ta kulle aji, muka biya wajen mai gyaran takalma ta karɓo nata.