Kombinadu a Koki

Ƙanena ya yi shekaru yana fatauci a Mozambik, da ya tashi dawowa Koki sai ya zo mana da mata. Musulma ce mai kunya, Hausarta ba ta wuce gaisuwa da 'yan kalmomi ba. Ni dai tun ganin farko ta kwanta mini a rai.

Mu Kanawa in za mu rabu sai mu ce "sai mun shigo gobe", alhali mai faɗa da mai ji duk sun san sallama ce kawai. Ba wanda ya gaya wa baiwar Allah. Ashe duk ranar da matan unguwa suka faɗa mata haka, sai ta kankare kwakwa, ta dafa shinkafa da kifi irin na garinsu, ta shimfiɗa tabarma, ta zauna jira har magariba. Ta ɗauka gudunta ake yi. Ga ta da ƙaramin ciki, sai ta ce wa mijinta ita gida za ta koma ta haihu. Shi kuwa ya san in ta tafi a haka, dawowarta sai wani ikon Allah.

Da ya gaya mini, tausayinta ya kama ni. Na ja mayafi na nufi gidan, na tarar da kwanuka a rufe, abinci ya huce. Na zauna na ci har da neman ƙari, shi yana yi mana tafinta.

Na ce, "Amarya, ku a garinku me ake cewa in magana ta tabbata?"

Ta ce, "Kombinadu." Wai da harshen Fotugis ke nan, an shirya, an gama magana, ba fashi.

Na gwada, harshe ya ƙi, na sake gwadawa. Ta yi ta dariya tana rufe baki da gefen mayafi.

Na ce, "To, Laraba da la'asar ina nan tafe, in sha Allahu. Kombinadu."

Ranar Laraba aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, lungu ya cika, ga ni da ciwon gwiwa. Na tattare zani, na riƙe takalmi a hannu, na tasa maƙwabtana biyu a gaba suna ta mita. Muka same ta a bakin zaure tana leƙe.

Daga nan kalmar ta bi unguwa. In mace ta ce mata za ta shigo, sai amarya ta tambaya, "Kombinadu?" Wadda ba ta da niyya sai ta yi dariya ta ce, "A'a, amarya, wannan na sallama ne."

Wata rana muna tsince wake, ta kama hannuna ta ɗora a kan cikinta.

"Yaya, haihuwa nan Kano. Ke kusa da ni. Kombinadu?"

Ni da bakina ba ya mutuwa, sai da na share hawaye kafin na iya amsa mata.